Inuwa a Bangon Amarya: Ko Mai Hoton Ƙauye na Bukatar Mariƙin Filasha?

Bayan sallar isha, a wani gidan biki a Tudun Kaya, cikin ƙaramar hukumar Karaye, an fito da amarya tsakar gida an tsayar da ita jikin bango. Janareto na ruri a ƙofar gida, ƙwan lantarki guda ɗaya na lilo a igiyar shanya. Ƙanwar mahaifiyarta ta gyara mata mayafi, ta juyo ta ce, "Malam mai hoto, har ƙafa za ka ɗauko mana ita, a ga lallen." Ya karkata kyamara ta koma tsaye, ya danna, haske ya walƙa. A ɗan allon bayan kyamarar amarya ta fito tsaf, leshinta na sheƙi, amma a gefenta ga wata baƙar inuwa ta miƙe a bango, tsayinsu ɗaya, sai ka ce wata ce ta laɓe a bayanta.

Duk wanda ya taɓa buɗe albam ɗin biki ya san wannan inuwa, ko da bai san daga ina take ba. Asalinta ba boyayye ba ne. Filasha tana zaune ne a bisa kan kyamara, saitin lensi. Idan aka ɗauki hoton kwance, hasken na saukowa daga sama kaɗan, inuwar mutum ta faɗa bayansa, jikinsa ya rufe ta. Da zarar an juya kyamara tsaye, filashar ta bar sama ta koma gefe, haske ya bugo daga hagu, inuwa ta fice ta dama inda kowa zai gan ta. Domin maganin wannan aka ƙera wani ƙarfe da ake ɗaura wa kyamara a gindi, yana da hannu mai ɗaga filasha sama da lensi ko a tsaye ake ɗauka ko a kwance. Masu sayarwa na ce masa baraket. A nan za a kira shi mariƙin filasha. Shekaru ke nan masu hoto na ja-in-ja a kansa: wasu na ganin babu mai hoton biki da ya isa ya fita aiki ba shi, wasu na cewa kayan da ne, nauyi kawai yake ƙara wa wuya.

Matsalar ta samo asali ne daga siffar hoton kansa. Tun da aka fitar da ƙaramar kyamarar Leica a Jamus a 1925, faɗin hoto milimita 36 da tsayi 24 ya zama ma'aunin da yawancin kyamarori suka gada, har na zamani marasa fim. Hoton ya fi faɗi bisa tsayi, mutum kuwa a tsaye Allah ya yi shi, don haka dole a riƙa juya kyamara. Manyan masu hoton Afirka ta Yamma na da can da yawansu ba su sha wannan wahala ba. Malick Sidibé na Bamako, wanda ya yi suna da hotunan dare na samari da 'yan mata a shekarun 1960, har aka ba shi babbar lambar yabo a Venice a 2007, hotunansa da dama murabba'i ne, faɗi da tsayi ɗaya, babu dalilin juya komai. Kamfanin Mamiya na Japan ma a 1970 ya fito da RB67, wadda gidan fim ɗinta ne ke juyawa, jikin kyamara da filasha suna nan inda suke. Mai hoton Karaye na yau ya gaji kyamara mai kwanciya, alhali yawancin abin da ake nema wurinsa na tsaye ne: fasfo na makaranta da na aikin hajji, amarya har ƙafa, ɗalibi rungume da allo ranar sauka, basarake a kan doki, ga kuma wayoyin hannu da fuskarsu doguwa ce, inda hoton zai ƙare a WhatsApp ko TikTok.

Hujjar da masu ƙin mariƙi suka fi dogaro da ita ita ce: mai hoto ƙwararre ba ya haska mutum kai tsaye. Filashar zamani kanta na lanƙwasawa sama, yana kuma juyawa hagu da dama. Sai a nufi silin da shi, haske ya daki farin fenti ya watsu, ya sauko a hankali kamar hasken hantsi da ya shigo ta taga. Inuwa ta yi laushi, fuska ta yi kyau, kuma ko tsaye aka juya kyamara sai a murɗa kan filashar ya sake kallon sama. Wannan gaskiya ce, kuma a zauren taro mai farin silin cikin birnin Kano babu mai musunta ta.

Sai dai a ɗaga kai a duba abin da ke sama a Tudun Kaya, ko Yammedi, ko Zarewa da Fulatan ta ɓangaren Rogo. A ɗaki ɗaya kwano ne tsirara, wani ya yi tsatsa, wani sabo yana maido da haske ɗauri-ɗauri kamar madubi. A wani ɗakin azara ce da ƙasa, mai shanye haske ba ta maido komai. Inda aka samu silin, ba lallai fari ba ne, bango kuma shuɗi ko kore, kuma haske na ɗaukar launin duk abin da ya daka, sai fuskar ango ta fito da kore-kore kamar marar lafiya. Yinin biki kuwa ƙarƙashin rumfar haya ake yi, mai tampol ja da ruwan ɗorawa, ko kuma a fili inda babu abin da ke sama sai taurari. Shawarar a haska silin an haife ta ne a ƙasashen da kusan kowane ɗaki ke da farin rufi ƙasa-ƙasa. Mai hoton da ya ɗauko ta daga bidiyon intanet ya kawo ta tsakar gidan ƙauye, zai harba haskensa sama ya tafi ke nan. Ko inda dabarar ta yi aiki, tana cin ƙarfi: abin da ke dawowa kan mutum kan ragu zuwa rubu'i ko ƙasa da haka, filasha ta riƙa aiki da iya ƙarfinta, batir ya yi saurin mutuwa, a garin da caji kansa sai an nemi mai sola ko janareto.

To idan babu makawa sai an haska kai tsaye, inda filashar ke zaune shi ne komai. A nan masu mariƙi ke da ƙarfi.

Suna da wata hujjar ma da ba a cika jin ta a bakin masu koyar da hoto na ƙasashen waje ba, wato ƙura. Bukukuwan karkara sun fi yawa bayan kaka, lokacin da amfanin gona ya shigo gida kuɗi ya samu, kuma lokacin ne hunturu ke sauka da hazonsa. A haɗa da ƙurar da ƙafafun masu rawa da yara ke tayarwa, da ta dawaki ranar hawa. Idan filasha na dab da lensi, ƙwayoyin ƙurar da ke shawagi a gaban gilashin su ne haske ke fara samu, sai su fito a hoto kamar fararen ƙwallaye dishi-dishi, wani a kan hancin amarya, wani a kan rawanin mai unguwa. Idan aka ɗaga filashar taƙi ɗaya ko fiye sama da lensi, hasken na tsallake iskar da ke dab da gilashi, ƙwallayen su ragu ƙwarai. Masu ɗaukar hoto a ƙarƙashin ruwa da wannan dabara suke kauce wa dattin ruwa, suna nesanta fitilunsu da kyamara a kan dogayen hannuwa. Nisan nan kuma shi ke rage jan ido, wanda ke faruwa idan haske ya shiga ƙwayar ido ya daki bayanta ya dawo ta hanyar da ya bi. Masu ƙin mariƙi kan ce jan ido bai dami baƙar fata kamar yadda ya dami Turawa masu shuɗin ido ba, kuma manhaja na goge shi cikin daƙiƙa. Nan sun yi gaskiya. Inuwar bango da ƙwallayen ƙura kuwa ba sa goguwa da dannawa ɗaya, kuma mai hoton da zai kai hotuna ɗari biyu wanki washegari ba shi da daren da zai zauna yana bin su ɗaya bayan ɗaya.

Su kansu masu mariƙin ba bakinsu ɗaya ba. Mariƙi iri biyu ne. Akwai wanda hannun filasha ke kifawa: a juya kyamara tsaye, a tura hannun ya faɗo, filasha ta dawo saman lensi. Irin su Quick Flip na kamfanin Stroboframe ke nan, marasa nauyi, masu sauƙin kuɗi. Filashar a nan kwance take a gefenta, abin da ke da amfani ɗaya, domin dogon gefen haskenta ya yi daidai da dogon gefen hoton, amarya ta samu haske daga ɗankwali zuwa tafin ƙafa. Illarsa, duk wani farin kati ko murfi da aka ɗaura a kan filashar shi ma ya karkace, kuma kowace kifawa na girgiza ƙafar filashar. Iri na biyu shi ne wanda kyamarar ce ke juyawa cikin wani zobe, filasha na tsaye ba ta motsi. Kamfanoni irin su Custom Brackets da shi suka yi suna. Ya fi daɗin aiki, ya fi ƙarko, ya kuma fi tsada da nauyi. Nasa aibin shi ne haske na nan a kwance alhali hoto ya miƙe, don haka idan aka matso kusa da lensi mai faɗin gani, kai da ƙafa kan yi duhu sai an buɗe hasken filashar ya ƙara bajewa. Filasha mai zagayen kai, kamar Godox V1 da ta fito a 2019, ta rage wannan damuwa, tunda da'ira ba ta da tsaye ba ta da kwance.

Kowanne aka zaɓa, ba shi kaɗai ake saya ba, kuma daga nan masu adawa ke sake samun bakin magana. Filashar da ta bar mazauninta na kan kyamara dole a haɗa ta da waya mai murɗe-murɗe domin su ci gaba da magana da juna, OC-E3 ga mai Canon, SC-28 ko SC-29 ga mai Nikon. Wannan waya ita ce lagon dukkan tsarin: bakinta na da ƙananan haƙoran ƙarfe da ƙura ke toshewa, cikinta na tsinkewa idan ta sha ja. Ƙafar filasha da yawa roba ce. A ɗauki wannan gini mai hawa uku a rataya a wuya, a hau babur a bi hanyar burji zuwa wani ƙauye bayan madatsar ruwa ta Challawa, duk ramin da aka faɗa sai kusoshi sun ji. Abin da ya karye kuwa ba a Karaye za a same shi ba, sai an shiga Kano an bi shagunan Sabon Gari, wataƙila ma a ce sai an aiko daga Legas. Ga nauyi: filasha da batiranta kusan rabin kilo ce, idan aka haɗa da kyamara da lensi da mariƙi abin kan haura kilo biyu, kuma tun daga ɗaurin aure da hantsi har kai amarya da dare yana hannu ɗaya. Wanda bai taɓa yi ba zai raina kilo biyu; wuyan hannun wanda ya yi shekara goma yana yi shi ya san labari.

Akwai kuma matasa da ke cewa a daina juya kyamarar ma gaba ɗaya. Lissafinsu mai kyau ne. Kyamara mai megafiksel 24 na ba da hoto mai ɗigo 6000 a faɗi, 4000 a tsayi. A ɗauka a kwance, filasha na sama inda ya kamata, sannan a yanke gefe da gefe a kwamfuta. Abin da zai rage ɗigo 4000 ne a tsayi da wajen 2667 a faɗi, kusan megafiksel 11, wanda ya ishi hoto mai inci 8 da 12 ya fito tas, balle fuskar waya. Babu mariƙi, babu waya, babu inuwa.

A takarda babu abin cewa. A ɗakin amarya ne lissafin ke tangarɗa. Kafin mutum ya shiga hoton kwance daga kai har ƙafa, sai mai hoto ya ja da baya ninki ɗaya da rabi na inda zai tsaya da a tsaye yake ɗauka, in dai bai sauya lensi ba. Ɗakin da gado da kujeru da kabad ɗin jere suka cika, ina bayan da za a ja? Idan a fili ne, haske na da tasa doka: nisa ya ninka, haske ya koma rubu'i, ja da baya ninki ɗaya da rabi na nufin abin da ke isa fuska bai kai rabin na farko ba. Sannan ba kowa ke riƙe da megafiksel 24 ba. Tsofaffin kyamarori na hannu har yanzu suna ci da gidaje, irin Nikon D90 ta 2008 mai megafiksel 12. A yanke hotonta haka, abin da zai saura bai kai 6 ba, kuma ranar da dangin ango suka ce a faɗaɗa musu shi a sa a babban firem na falo, sai laushinsa ya tona asiri.

Hujjar da ta fi kowace ƙarfi a ɓangaren masu adawa ba silin ba ce, ba yanka ba ce, rediyo ce. Kamfanonin Sin irin su Yongnuo da Godox, dukansu na birnin Shenzhen, sun sauƙaƙa filashar da ke karɓar umarni ta iska. A ɗora ɗan ƙaramin akwati a kan kyamara, filasha kuma a kafa ta a kan sanda da lema fara a gabanta, nesa da mai hoto taku uku ko huɗu. Yanzu a juya kyamara yadda aka ga dama, haske bai san an yi ba. Kuma hasken da ya fito daga gefe ta cikin lema ya fi duk abin da mariƙi zai iya bayarwa: yana fito da zanen aska a babbar riga, yana bin ƙirar fuska, ba ya barin farin tabon nan mai ƙyalli a goshin da ya yi gumi. A wurin naɗin sarauta ma ya fi dacewa, domin filashar da aka ɗaga sosai a kan mariƙi, idan aka matso kusa, takan jefa inuwar rawani ko malafa a kan idanu. Karaye ta samu sarki mai sanda a 2019, aka rushe masarautar a watan Mayun 2024, aka dawo da ita a Yulin shekarar a matsayi na biyu da ƙananan hukumomin Karaye da Rogo a ƙarƙashinta. Hawa da naɗi da gaisuwar fada aiki ne da mai hoton yankin ke sa rai da shi, kuma hoton basarake ba a yi masa ganganci.

Duk wanda ya ga hotunan biyu gefe da gefe zai zaɓi na lema. Amma sandar ba ta tsayuwa ita kaɗai. Iskar hunturu na ɗaukar lema kamar tanti, yara na gudu ba sa duba gabansu, kuma faɗuwa ɗaya ta ishi filasha. Dole sai da yaro mai riƙewa, yaron kuma da kuɗin sallama da gurbi a kan babur. Akwai abin da ya fi wannan. A gidaje da yawa shigar namiji baƙo cikin taron mata alfarma ce da ake yi wa mai hoto shi kaɗai, na ɗan lokaci, wani wurin ma sai mace mai hoto. Ba zai ce a ƙara masa wani saurayi da sanda ba. Kamu da buɗar kai ba sa jiran a gyara lema. Daƙiƙar da amarya ta ɗago ido ta kalli uwarta, ko an shirya ko ba a shirya ba ta wuce.

Idan aka auna duka, kowane ɓangare na da wurin da gaskiyarsa ke ci. A shago, inda ake fasfo da hoton Sallah gaban labule, mariƙi ɓarnar kuɗi ne: fitila a kan sanda, mutum ya matso taku biyu daga labulen, inuwa ta faɗi ƙasa. A zauren taro mai farin silin ma ba a bukatarsa. Amma mai hoton da ke aiki shi kaɗai, da dare, tsakanin rumfa da tsakar gida da ɗaki mai rufin kwano, wanda kuma shi ne mafi yawan masu wannan sana'a a yammacin Kano, bai kamata a kunyata shi da cewa mariƙi tsohon yayi ba ne. Ƙasar da yake aiki a cikinta ita ce irin wadda aka ƙera abin dominta. Mai kifawa marar nauyi ya ishe shi, kuma zai iya kauce wa lagon waya ta hanyar amfani da ɗan akwatin rediyon nan ko da filashar na kan mariƙi, taƙi ɗaya daga kyamara.

Abin da bai kamata ba shi ne ya fara da mariƙin. Kuɗin farko na filasha ce mai kai mai juyawa hagu da dama, ba mai ɗagawa sama kaɗai ba. Na biyu na batir ne: ko jeri biyu ko uku na masu caji irin Eneloop, ko filasha mai batirin litiyom kamar Godox V860II, wadda kamfanin ya ce tana yin walƙiya wajen 650 da cikakken ƙarfi kafin ta nemi caji. Murfin roba mai kama da kwano da ake kifa wa kan filasha, wanda ake tallarsa da cewa yana tausasa haske, aikinsa watsa haske ne ko'ina domin bango da silin su maido shi. A fili ba abin da yake yi sai shan batir. Farin kwali mai faɗin tafin hannu biyu da aka ɗaure da roba ya fi shi amfani, kuma kyauta ne. A yi hattara kuma da tsofaffin filasha na gwanjo na zamanin fim: wasu daga cikin Vivitar 283 na farko na tura wutar da ta haura bolt 200 ta ƙafarsu, abin da kan iya ƙona cikin kyamarar zamani.

Wanda kuɗinsa bai kai na kamfani ba, mariƙi ba wani sihiri ba ne, lanƙwasasshen ƙarfe ne da maɗauri, kuma mai walda mai hankali zai iya fitar da shi daga falle na alminiyom idan aka zana masa. Abu biyu ne kawai za a tsaya a kansu. Kusar da ke shiga gindin kyamara ma'auninta ɗaya ne a yawancin kyamarorin duniya, kaurin rubu'in inci mai zare 20 a kowane inci, ba irin kusoshin babur ba. A ciro ta daga tsohuwar ƙafar kyamara da ta karye, kada kuma ta yi tsawon da za ta huda cikin gindin. Sannan a manna guntun robar tayar keke a inda kyamarar za ta zauna, da ɗan leɓe a baya mai tokare ta, domin idan aka juya tsaye nauyin lensi kan ja ta ta sunkuya ƙasa a hankali, mai hoto na saitin fuskar amarya ya tarar yana ɗaukar tabarma.